Ɗan Amshi a Hanyar Lyon

Illiassou taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Shekararsa sittin da ɗaya bana. Yana zaune a Saint-Denis, gefen Paris, hawa na huɗu, a wani gini da asansar ɗinsa, na'urar hawa bene, ke aiki ranar da ya so. Aikinsa tuƙi. Wani ƙaramin kamfani ne mai ba da hayar ganguna da lasifikoki da doguwar mota ga mawaƙan da suka zo yawon wasa Faransa, shi kuma Illiassou ya kwashe su daga Paris ya kai su duk garin da aka rubuta masa. A takardunsa an sa direba. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara zama ya ce maka shi ɗan amshi ne.

Yaran da aka haifa a nan sai an yi musu bayani. Mawaƙi ya ja baiti, ƴan amshi su maimaita gindin waƙa, ya sake ja, su sake maimaitawa. Ba su ke fara waƙa ba, ba su ke sauke ta ba. In maigida ya tsaya shan ruwa, ko tari ya sarƙe shi, ko baiti ya ɓace masa, su ne za su yi ta juya amshi suna bar masa gurbinsa har ya dawo. Wannan aikin Illiassou ya shiga yana da shekara goma sha bakwai, kuma ya shige shi har ƙashi.

In kuka zauna hira ba zai taɓa buɗe magana ba. Ka ce yau an yi sanyi, ya ce, "An yi sanyi." Ka ce duniya ta lalace, ya ce ta lalace. A masallacin unguwarsu babu wanda ya kai shi ƙarfin amin. Aurensa ma Fatsima ce ta gaji da jira, ta tare shi a bakin tashar jirgin metro ta ce, "To kai, aurena za ka yi ko mi?" Ya ce, "Aurenki za ni yi." Ƴaƴansu uku yanzu.

Maigidansa Abdou ne, mutumin Gazawa, mai gurumi. Ba shahararren da ake ji a gidajen rediyon duniya ba ne, amma tsakanin Maraɗi da Tasawa a shekarun tamanin, in aka yi biki ba a kira Abdou ba to an yi faɗa da shi ne. Ya yi wa mahauta waƙa, ya yi wa masu haƙar rijiya, ya yi wa wata ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garinsu. Wadda aka fi so ita ce ta wani direban gingimari mai suna Siddiq, wanda ya zubar da lodin albasa sau uku a hanya ɗaya, ta garin Dakoro, saboda gudu. Gindinta layi ɗaya ne: Ja sannu Siddiq, Dakoro ba ta gudu. Har uwata, wadda ba ta son makaɗa, takan rera shi tana tankaɗe.

A 1994 aka gayyace su wani bikin kaɗe-kaɗe a Paris, Abdou da ƴan amshi uku. A takardar tallan bikin an sa sunan Abdou da manyan baƙaƙe, can ƙasa aka sa "da ƙungiyarsa". Illiassou na da takardar har yau, yana nuna wa baƙi wurin da aka rubuta "da ƙungiyarsa" yana cewa ga shi nan. Biki ya tashi, biyu suka koma gida. Abdou ya gamu da wani ɗan garinsu da ya sama masa aiki a masana'antar fenti a Lyon, ya zauna, ya yi aure, ya haifi ƴa ɗaya, Leïla. Bayan na zo Faransa na tambayi Illiassou shi kuma me ya zaunar da shi. Ya ce, "Maigida bai ce a koma ba."

Ya sha wuya a shekarun farko, ba na raina masa wannan. Ya yi wanke-wanke a gidajen abinci, ya yi dakon kaya a kasuwar Rungis cikin sanyin da ke fasa yatsu, har takardu suka fito ya yi permi, lasin tuƙi. Duk wannan lokacin, da zarar ƴan Nijar na Lyon sun yi suna ko aure an kira Abdou, Illiassou zai shiga jirgin ƙasa ya je ya zauna bayansa da ƙwarya ya amsa, ya dawo ranar Lahadi.

A al'adar makaɗa, ɗan amshi ba ya jan waƙa da kansa sai maigida ya sallame shi, gaban mutane, ya ce na yarda. Abdou bai taɓa sallamar Illiassou ba. Ba mugunta ba ce. Abdou irin mutanen nan ne da komai sai bayan Salla, gyaran famfo bayan Salla, zuwa likitan haƙori bayan Salla. Illiassou kuma ba zai tambaya ba, don tambaya fara magana ce. Haka suka ga Salla ta fi saba'in tare.

Wata Talata a watan Oktoba na 2019 Abdou ya buga masa waya ya ce, "Ka taho Asabar, akwai magana." Ranar Alhamis hawan jini ya kayar da shi a bakin ƙofa. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, "To." Illiassou ya haƙiƙance maganar sallama ce. Leïla tana zaton maganar firji ce, don ubanta ya sayi sabo yana neman wanda zai hau masa da shi. Allah kaɗai ya sani.

Ga inda abin ya ci mini rai. Waƙoƙin Abdou sittin da uku ne. Ba a rubuta ko ɗaya ba, kaset ɗin da aka taɓa ɗauka kuma rediyon wata mota ta cinye shi tun 2003. Mutum ɗaya ne a duniya ya haddace su baiti baiti, shi ne taubashina, kuma ya ƙi buɗe baki. Ko a banɗaki ba ya jan baiti, Fatsima ta saurara. Likita ya gaya wa Leïla zuciyar tsohon ta yi rauni. Ta roƙi Illiassou, wanda take kira Tonton, wato kawu, ta ce, "Tonton, ko a waya ne in ɗauka, s'il te plaît, don Allah, kada su tafi da shi." Ya ce, "Kada su tahi da shi." Ta ce to ka rera. Ya ce, "Ba a sallame ni ba." Shekara huɗu ina zaginsa kan wannan, ko a jikinsa.

Yanzu sai mutanen Ostareliya. A watan Afrilu na 2023 ina da abincin biki da zan dafa a Rillieux-la-Pape, gefen Lyon, ga kayan yaji da kilishi da tukwane biyu da ba za su shiga jirgi ba. Illiassou na da tafiya Lyon ranar, sai na sa kaina a motarsa ban tambaye shi ba, tunda na san amsar. Fasinjojinsa makaɗa huɗu ne daga Ostareliya, karo na uku ke nan yana tuƙa su. Biyu matasa ne da suka yi barci tun kafin mu fita Paris, ban san sunansu ba har yau. Sauran biyun tsofaffi ne: Noreen mai ganguna, doguwa, furfura a yanke kamar ta soja, da Des mai jita, wanda ya rungume wata ƙaramar jita mai ƙoƙon ciki da suke kira mandolin. Mawaƙiyar da suke yi wa kiɗa ta bi jirgin ƙasa, wai mota na sa mata ciwon baya.

Noreen ta zauna gaba kusa da ni. Tana da Faransancin makaranta, tana jan sa da ƙyar amma yana zuwa. Na tambaye ta sunan ƙungiyarsu, ta faɗa da Turanci, ta juya mini shi: Igiyar Shanya. A 1979 suka kafa ta a bayan gidan uwarta, a gefen birnin Adelaide, ƙarƙashin igiyar shanya, don nan kaɗai tsohuwar ta yarda a yi mata hayaniya. Tun ranar farko ba su da mawaƙi nasu. Aikinsu su tsaya bayan wani. Na ce ashe sunan ya dace, a shanya mawaƙi a kanku, in ya bushe a kwashe. Ta ce haka ne, kuma an kwashe takwas.

Daga Fontainebleau zuwa Auxerre ta lissafa mini su. Na farko ɗan mahauci ne mai ƙatuwar murya, ya yi shekara biyu da su ya tuba ya zama fasto. Ta biyu mace ce mai tsofaffin waƙoƙin gargajiyarsu, na masu askin tumaki da na fursunonin da aka kai ƙasar a jiragen ruwa. Saboda ita suka ajiye jita mai lantarki suka koyi goge da mandolin, da suka iya sai ta tafi Landan ta aiko musu da kati. Na uku kiɗan rok yake so, mai ƙarar da ke kaɗa haƙori, suka koma lantarki, suka yi shekara biyar suna wasa a mashayar masu haƙar ma'adinai inda ake sa ragar waya gaban makaɗa saboda kwalabe. Na huɗu ta ce ba ta son maganarsa. Na biyar shi ne ya yi suna, faifansa ya shiga kowane gida a ƙasar. A bangon faifan an sa hotonsa shi kaɗai a kan dokin da bai iya hawa ba, sunayensu kuma suna ciki da ƙananan baƙaƙe, an manta na Des.

Na juya na dubi Des. Noreen ta ce ba ya jin Faransanci, kuma ko yana ji bai damu ba.

Mutum arba'in da uku ne suka shiga ƙungiyar suka fita. Uku sun rasu, ɗaya ya zama likitan haƙori, ɗaya yana kiwon ƙudan zuma. Noreen ta auri masu babbar jita biyu, ɗaya bayan ɗaya, ta kore su duka. "Daga gida na kore su," in ji ta, "ba daga aiki ba. Na biyun ya ƙara shekara shida yana kiɗa a haguna, hannunsa na da kyau." Daga waɗanda suka tsaya ƙarƙashin igiyar nan, ita da Des kaɗai suka rage. Ba su taɓa yin faifai da sunansu ba. An taɓa ba su shawarar yi, suka zauna suka rasa wanda zai tsaya gaba.

Dokarsu ɗaya ce, ta ce, kuma duk wanda ya shigo ita ake fara koya masa. In mawaƙi ya ɓata a tsakiyar waƙa, ba a tsayawa, ba a kuma rera masa. Zagayawa ake yi, a yi ta juya kiɗan wuri ɗaya har ya dawo. Mafi tsawon da suka taɓa yi minti goma sha ɗaya ne, a wani garin hamada a 1996, lokacin da na biyar ya sauka daga dandali yana cikin waƙa don ya yi faɗa da wanda ya tare masa mota. Jama'a sun zaci sabon salo ne, suka yi tafi.

Na ce, "Des bai san baitocin ba ne?"

Ta ce, "Ya fi mai waƙar sani."

"To me ya hana shi ya rera?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya hana ta sa takalmin maƙwabciyarta. Ta ce, "Wurin ba nasa ba ne."

Illiassou, wanda na zaci hankalinsa na kan hanya, ya ce da Hausa, "Ba nashi ba ne."

Nan raina ya ɓaci. Na ce bari in kai ƙararsa gaban Baturiya, ko ya ji kunya. Yana riƙe da sitiyari, ba shi da hanyar rufe mini baki. Na kwashe labarin duka na ba ta, Abdou, sallama, firji, waƙa sittin da uku, zuciyar da likita ya ce ta yi rauni. Na gama na ce, "Madame, ki gaya masa gaskiya, ke da kika san aikin."

Ta ce, "Yana da gaskiya."

Da ba a otorut muke ba, babbar hanyar da ba a tsayawa, da na sauka. Shekara huɗu ina neman wanda zai taya ni, na samo mace daga ƙarshen duniya, ashe ita ma irinsa ce.

Mun wuce wani peyaji, inda ake biyan kuɗin hanya, kafin ta sake magana. Ta tambayi Illiassou ko an taɓa yi wa tsohon kiɗa tun da ya faɗi. Ya ce a'a, Maigida ne ke tada kiɗa da gurumi, hannun kuma ya mutu. Ta ce kiɗa ba waƙa ba ne, su a wurinsu makaɗa ke farawa, Des zai iya tadawa. "Kai ka yi amshinka kawai, ka bar masa wurinsa. Mu zagaya mu gani ko zai dawo." Illiassou ya ƙara tuƙin kilomita arba'in. Da muka tsaya shan mai kusa da Beaune, ya ja Des gefen motar ya rera masa amshin Siddiq, amshin kaɗai, tunda shi hakkinsa ne. Des ya saurara sau biyu, a na uku mandolin ya kama.

Ƙarfe huɗu muka isa Vaulx-en-Velin, unguwar su Abdou a gefen Lyon. Gwajin lasifikar makaɗan ƙarfe biyar ne a cikin gari. Muka bar matasan a mota suna barcinsu, muka hau hawa na bakwai. Leïla ta buɗe ƙofa ta gan mu da Turawa biyu da tukunyata ɗaya, ta ce, "Tanti, c'est quoi ça?" wato mene ne haka. Na ce mata baƙin Tonton ne, ta sa ruwan shayi.

Baba Abdou na zaune a kujerarsa bakin taga, inda yake wuni yana kallon wurin ajiye motoci. Ya rame. Hannun dama na kwance a cinya, gurumi na rataye a bango sama da talabijin. Illiassou ya cire takalmi ya durƙusa gabansa. Gaisuwa ce kaɗai maganar da yake farawa a duniya, kuma shekara huɗu ke nan shi ke tambaya shi ke amsawa.

"Maigida, ina wuni? Lahiya lau. Ina gajiya? Babu gajiya. Ya jiki? Da sauƙi. Ya iyali? Suna lahiya. Madalla."

Tsohon ya ce, "To."

Leïla ta sauko da ƙwaryar Illiassou daga saman kabad. Noreen ta shiga kicin ta fito da robar wanki, ta kife ta a gwiwa. Des ya zauna a hannun kujera ya tada kiɗa. Gaskiya ba gurumi ba ne. Ya yi kama da masu askin tumakin nan sun ɗauki hanyar Dakoro. Amma da ƙwarya ta shiga, roba ta bi ta, sai abin ya zauna.

Illiassou ya rera: Ja sannu Siddiq, Dakoro ba ta gudu. Ya yi shiru daidai tsawon baiti. Kiɗa ya zagaya. Ya sake rerawa, ya sake barin gurbi. Tsohon na kallon motoci. Minti uku, minti biyar. Shayi ya tafasa, Leïla ta kawo ta tsaya da faranti a hannu. Ni har na fara tunanin albasar da ban yanka ba. Sai na ga babban yatsan ƙafarsa ta hagu yana motsi cikin silifa.

Ya juyo da kai. Leɓensa ya fara motsi. Gurbi ya zo, gurbi ya wuce bai ce komai ba. Amshi ya zo, sai muka ji murya biyu. Ja sannu Siddiq, Dakoro ba ta gudu. Kowace kalma ta fito sarai daga bakin da shekara huɗu bai wuce "To" ba. Leïla ta zauna a ƙasa da farantin.

Illiassou ya zaci Maigida na gyaran murya ne kafin ya karɓi wurinsa, sai ya sake barin gurbi. Tsohon ma ya bar gurbi. Amshi ya zo, suka rera tare. Gurbi ya zo, suka yi shiru tare. Ƴan amshi biyu, makaɗa biyu, babu mai waƙa. A zagaye na uku tsohon ya kafe shi da ido ya ɗaga haɓa, yadda ake yi wa wanda ake jira. Illiassou ya dubi dadduma. A na huɗu ya sake ɗaga haɓa, Illiassou ya dubi ƙwarya. Na buɗe baki zan yi ihu, Noreen ta harare ni, hannunta bai tsaya ba.

A na biyar Baba Abdou ya sunkuya, ya zare silifa da hannun hagu, ya jefa. Hannun hagu ba ya saiti, ta sami Des a gwiwa. Des bai tsaya ba. Tsohon ya rera amshi shi kaɗai, da ƙarfi, ya rufe baki, ya nuna Illiassou da yatsa.

Gaban mutane huɗu aka yi, ni shaida ce.

Gurbi ya zo, taubashina ya buɗe baki: Albasa ta zube a Kornaka, awakin gari sunka yi Salla.

Maigida ya amsa masa.

Muryar Illiassou ba ta kai ta Abdou ba, ba zan yi ƙarya ba don yana ɗan'uwana. Siririya ce, kuma tana rawa. Amma baiti goma sha huɗu ne a waƙar, ya kawo su a jere bai tsallake kalma ba, har da ɗan tarin da Abdou kan yi kafin na tara. Leïla ta lalubo wayarta tana ɗauka. Ni kuka nake yi, kuma ban ji kunya ba.

Baiti na goma sha huɗu ya wuce. Nan ake sauke waƙar, kowa a ƙasar Maraɗi ya sani, kuma yanzu saukewa aikin Illiassou ne. Bai sauke ba. Da farko na zaci ya manta yadda ake yi. Sai na ga inda yake kallo, bakin tsohon yake kallo, na gane. In waƙa ta sauka, Maigida zai koma "To". Mutumin da shekara arba'in da biyu bai ƙirƙiri kalma ɗaya ba sai ga shi yana ƙago baiti nan take. Ya yi wa Leïla. Ya yi wa Noreen mai robar wanki. Ya yi wa Des da gwiwarsa. Ya yi wa firji. Ya ce Sahadatou, wato ni, ta ɗauko kilishin biki ta cinye rabi kafin Beaune, wanda ƙarya ce, kwata na ci. Kowane baiti tsohon na amsawa, Dakoro ba ta gudu.

Daga baya muryar ta fara dusashewa, gumi ya keto masa a goshi. Leïla ta ce a hankali, "Tonton, il est fatigué, ya gaji." Illiassou ya ƙara baiti ɗaya. Sannan ya ɗaga hannu yadda Abdou kan yi, ya daki ƙwarya sau ɗaya, komai ya tsaya cak. Baba Abdou ya jingina ya lumshe ido ya ce, "To."

Noreen ta duba agogo ta ce minti ashirin da bakwai, kuma tara daga ciki zagaye ne zalla, saura kaɗan a karya na hamada. Suka sha shayin da ya huce. Sun yi lattin gwaji da rabin awa, mawaƙiyarsu ta yi fushi, Noreen ta ce na huɗu ma ya fi haka.

Tun daga nan Illiassou ke shiga jirgin Lyon Asabar ɗaya cikin biyu. Leïla ta jingina waya da kwalbar sukari, shi ya ja, Maigida ya amsa. Wasu ranaku waƙa uku, wasu ɗaya, wasu tsohon ya gaji a dawo haka. Sun kai arba'in da ɗaya lokacin da Allah ya karɓi abinsa, a watan Fabrairu na 2024. Noreen ta aiko da katin ta'aziyya, a ƙasa ta rubuta sun samu mawaƙi na goma.

Bayan sadakar arba'in Leïla ta kira ta ce saura ashirin da biyu. Na raka shi, don Fatsima ta ce kada ya tafi shi kaɗai. An kawar da kujerar bakin taga. Ya zauna a dadduma, aka jingina waya, ya tada ƙwarya, ya ja baitin farko na waƙar ungozoma. Wurin amshi ya zo, ya yi shiru ya bar gurbi. Hausar Leïla ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ƙwarya ta zagaya. Bai ja baiti na biyu ba, don ba a amsa na farko ba, kuma bai amsa wa kansa ba, don wurin ba nasa ba ne yanzu. Ya yi ta zagayawa yana kallon taga.

Muryata ƙarar ƙofar kabad ce, tun ina yarinya ake roƙona in yi shiru. Na daure zagaye bakwai. A na takwas na kasa, na amsa.

Ya juyo ya dube ni, hannunsa na kan ƙwarya, idonsa ja. Ya ce, "Kin yi latti." Sannan ya ja baiti na biyu.